Suna Ɗaya, Gari Goma: Tarihin Garuruwa Masu Suna Iri Ɗaya da Matsayin Tumfure a Ƙasar Akko



Duk wanda ya taɓa cike takardar neman aiki, ko ta makaranta, ko ta katin ɗan ƙasa, ya san gurbin nan da ake tambayar ƙaramar hukumar da mutum yake zaune. Da yawa daga cikinmu, musamman sababbin zuwa da yaranmu masu tasowa, sukan rubuta "Gombe" ba tare da wani tunani ba. Ba abin mamaki ba ne, domin a Gombe muke cin kasuwa, a nan muke aiki, kuma babu wani daji da ya raba mu da cikin gari. Amma a takarda, Tumfure tana cikin ƙaramar hukumar Akko ne, wadda hedikwatarta take Kumo.

Kalmar "Gombe" ita kaɗai tana nufin abu aƙalla biyar: jiha, da birni, da ƙaramar hukuma, da masarauta, da kuma tsohon garin Gombe Abba da ke ƙasar Dukku. Wannan ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin yadda garuruwa da ƙauyuka suke tarayya a suna, da dabarar da magabata suka yi don bambanta su, da kuma yadda rabon ƙasa na hukuma ya zo ya ɗora nasa tsarin a kai. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. A maganar gari da takwaransa, wannan karin magana har cikin aljihu take shafar mutum.

SUNAN DA YA YI ƘAURA

Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya karɓo tutar jihadi ta wannan yanki. Bayan shekaru ana fafatawa, ya kafa hedikwatarsa a bakin kogin Gongola wajen shekarun 1820, kuma a nan zuriyarsa suka ci gaba da mulki bayan rasuwarsa a 1841. Wannan gari shi ne Gombe ta asali. A wancan zamani idan aka ce an tafi Gombe, can ake nufi, ba inda muke a yau ba.

Turawan Ingila sun shigo ƙasar a 1902. A 1913 suka mayar da hedikwatar masarauta Nafaɗa, wadda jiragen ruwa ke iya kaiwa ta Gongola lokacin da kogi ya cika. Ba a daɗe a can ba. A 1919, zamanin Sarki Umaru, aka sake tasowa zuwa wani gari da ake kira Doma, wanda ya fi zama tsakiyar ƙasa, ya kuma fi kusa da yankin Tangale da Waja da Turawa suka haɗa da Gombe a mulkinsu. Sarki ya zo da fadarsa, ya kuma zo da sunan. Sai aka riƙa cewa Gombe Doma don a bambanta ta da Gombe Abba, wato tsohuwar Gombe. Da tafiya ta yi tafiya, sabuwar ta cinye sunan ita kaɗai, tsohuwar kuwa dole sai an ƙara mata "Abba" kafin a gane ta. A yau Gombe Abba gunduma ce a ƙaramar hukumar Dukku.

Shi ma sunan Doma bai ɓace ba. Matasanmu sun san shi a jikin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Doma United. Kuma shi kansa yana da takwara, domin akwai garin Doma, hedikwatar ƙaramar hukuma a Jihar Nasarawa, garin Alago da ba shi da wata alaƙa da namu sai ta suna.

Abin da ya sami Gombe Abba ya sami wasu. Garin Abuja na asali, Abubakar Ja ne ya kafa shi a 1828, bayan gidan sarautar Zazzau na dauri ya bar Zariya sakamakon jihadi. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har yau sarkin garin Sarkin Zazzau ake ce masa, kamar yadda ake ce wa na Zariya. Haka nan a Jamhuriyar Nijar, sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ne, domin gidan sarautar Katsina na kafin jihadi ne ya koma can.

Akwai ma sunan da ya ratsa ta ƙasarmu ya wuce har Sudan. Wurno gari ne kusa da Sakkwato, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A ranar 27 ga Yuli, 1903, Turawa suka yi yaƙi da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, a ƙasar Funakaye ta yanzu, ya rasu a wurin tare da ɗimbin jama'arsa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja sauran mutane suka nausa gabas, suka zauna a gaɓar kogin Nilu kusa da Sennar. Garin da suka kafa har gobe Mai Wurno ake kiran sa.

ME YA SA SUNAYE KE MAIMAITUWA?

Ƙaurar sarakuna hanya ɗaya ce kawai. Mafi yawan sunayen da ke maimaituwa talakawa ne suka raɗa su, manoma da makiyaya da fatake, kuma dalilansu a fili suke.

Na farko, fatan alheri. Wanda ya sari daji ya kafa bukka yana so ya kira wurin da abin da yake roƙon Allah Ya ba shi. Daga nan aka sami Nasarawa, da Yalwa, da Lafiya, da Tudun Wada, da Daɗin Kowa. Muna da Daɗin Kowa mai madatsar ruwa a Yamaltu/Deba, akwai kuma Daɗin Kowa a Jos. Muna da gundumar Lafiya a Dukku, ga Lafiya babban birnin Jihar Nasarawa. Idan sunan ya faɗa bakin Fulani sai ya ɗauki ƙarshen Fulatanci, shi ya sa muke da Nasarawo a cikin Gombe da Lafiyawo a maƙwabtanmu.

Na biyu, abin da aka tarar a wurin. Bishiya ko dutse ko irin ƙasa sukan zama suna: Rimi, Kuka, Tsamiya, Dutse, Fadama. Akwai ƙaramar hukumar Rimi a Katsina, da Rimin Gado a Kano, da Rimi ta ƙasar Sumaila, mahaifar tsohon gwamna Abubakar Rimi. Jigawa asalinta ƙasa mai rairayi ce. Shi ya sa muke da gundumar Jigawa a ƙaramar hukumar Nafaɗa, alhali jiha guda ta ɗauki wannan suna a 1991.

Na uku, aikin da wurin yake yi. Zango masaukin ayari ne, shi ya sa ake samun sa daga Zangon Daura da Zangon Kataf har Sabon Zango a birnin Accra na Ghana. Kafi gari ne mai shinge na tsaro, kamar Kafin Hausa a Jigawa da Kafin Madaki a Bauchi. Ribaɗi sansanin tsaron iyaka ne na zamanin jihadi, daga nan aka sami Ribaɗu a Funakaye da Ribaɗu a ƙasar Fufore ta Adamawa. Zamanin mota ya kawo nasa: Tasha, da Kwana, da Mararraba.

Na huɗu, sunan wanda ya kafa wurin, ko sarautarsa, ko inda mutanen suka fito. Garin Malam, Unguwar Liman, Wuro Jauro, duk ba su ƙirguwa. Ajiya da Shamaki, gundumomi biyu a cikin Gombe, sunayen sarautu ne. Kanawa a Yamaltu/Deba da unguwar Arawa a cikin gari kuwa sunayen jama'a ne.

Ƙasarmu ta sami rabo babba na irin waɗannan sunaye saboda ƙasar baƙi ce. Daga shekarun 1940 zuwa 1960, manoma daga ƙasar Kano da sauran sassan Arewa sun yi ta kwararowa neman gona, noman auduga ya bunƙasa, aka kafa injin gurzar auduga wanda ya bar wa wata unguwa sunan BCGA, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963. Wata Baturiya, Mary Tiffen, ta rubuta littafi guda a kan wannan bunƙasa ta manoman Gombe, an buga shi a 1976. Kowane ayarin manoma da ya sauka, da sunan da ya saba da shi a gida yake zuwa.

DABARAR MAGABATA

Mutanen dā ba su ruɗe ba, domin sun san suna ɗaya ba ya isa. Sai su jingina gari da ƙasarsa ko da maƙwabcinsa. Ba a cewa Yalwa a yi shiru, sai a ce Yalwan Yawuri ko Yalwan Shendam. Ana cewa Tudun Wadan Zariya, Tudun Wadan Dankadai, Dawakin Kudu, Dawakin Tofa, Birnin Kudu, Birnin Gwari, Birnin Kebbi, Birnin Ƙonni. Idan an ce Gaya, mai sauraro zai tambaya: ta Kano ko ta Nijar?

Wani lokaci da mutanen da ke zaune a wurin ake bambantawa. A ƙaramar hukumar Nafaɗa akwai Birin Bolewa da Birin Fulani. Akwai Deba, garin Terawa kuma hedikwatar Yamaltu/Deba, akwai kuma Daban Fulani a ƙaramar hukumar Kwami. Suna na biyu shi ne adireshin wancan zamani, kuma kowane fatake ya haddace shi.

A tsarin sarauta na kafin Turawa ma, ba layin iyaka ne ke nuna inda gari yake ba, uban ɗakinsa ne. Manyan masu sarauta suna zaune a birni kusa da sarki, garuruwansu a warwatse, wannan a gabas wancan a yamma, jakadu ne ke kai da kawowa. Tambayar da ake yi ita ce: garin nan wa yake bi?

ZUWAN TAKARDA DA IYAKA

Turawa ne suka canja tambayar ta koma: garin nan a wace ƙasa yake? A shekarun farko na mulkinsu suka tattara garuruwan da ke maƙwabtaka suka mayar da su ƙasar hakimi ɗaya, suka ce hakimi ya bar birni ya tare a ƙasarsa. Aka sami tsani mai hawa-hawa: mai unguwa ko jauro, sai dagaci, sai hakimi, sai sarki da En'e, a samansu Di'o, sai Razdan mai kula da lardi. Gombe tana ƙarƙashin Lardin Bauchi.

Abin da ya sa suka damu da wannan tsari shi ne haraji da jangali. Jami'ansu sun bi ƙauye-ƙauye suna ƙirga magidanta da gonaki da dabbobi. A littafin haraji, ba zai yiwu a rubuta Sabon Gari uku a bar su haka ba, dole kowanne a sa shi ƙarƙashin dagacinsa da hakiminsa. Tun daga lokacin, sunan ƙasar hakimi ya zama suna na biyu na kowane ƙauye.

Bayan 'yancin kai aka ci gaba da yanka ƙasa. A 1967 muka shiga Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. A watan Fabrairu na 1976 aka kafa Jihar Bauchi. A wannan shekarar aka yi garambawul na ƙananan hukumomi, En'e ta kau, yankinmu ya zama ƙananan hukumomi huɗu: Gombe, da Akko, da Dukku, da Tangale-Waja. Aka yi ta ƙara raba su, har ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa Jihar Gombe mai ƙananan hukumomi 11. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 aka ƙirƙiro sababbin masarautu daga cikin tsohuwar masarautar Gombe, ta yadda a ƙaramar hukumar Akko kaɗai akwai uku: Akko, da Gona, da Pindiga.

Ke nan dattijon da aka haifa a wani ƙauyen Akko a 1950, ko bai taɓa barin gidan ubansa ba, ya zauna a Lardin Bauchi na Jihar Arewa, da Jihar Arewa maso Gabas, da Jihar Bauchi, da Jihar Gombe. Sunan ƙauyensa bai canja ba, abin da ake rubutawa bayan sunan ne ya yi ta canjawa.

Shi ma sabon tsarin bai tsira daga maimaici ba. A cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya akwai sunaye shida da kowannensu ya fito sau biyu: Nasarawa a Kano da Jihar Nasarawa, Obi a Binuwai da Nasarawa, Bassa a Filato da Kogi, Surulere a Legas da Oyo, sai Ifelodun da Irepodun a Kwara da Osun. A gida kuwa, Garko gunduma ce a Akko, kuma ƙaramar hukuma ce a Kano. Bajoga hedikwatar Funakaye ce, kuma akwai gundumar Bajoga a tsakiyar garin Gombe. Sannan sunan ƙaramar hukuma ba lallai ya zama sunan hedikwatarta ba: akwai garin Akko amma sakatariya tana Kumo, akwai garin Kwami amma sakatariya tana Malam Sidi. Ko a wajen jiha, harafi ɗaya ne tsakanin Gombe da Gombi ta Adamawa.

INDA TUMFURE TA TSAYA

Ƙaramar hukumar Gombe ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a jihar. Akko da Kwami da Yamaltu/Deba sun kewaye ta. Da garin ya zama babban birnin jiha a 1996, ma'aikata da 'yan kasuwa suka cika shi, daga baya kuma rikicin Arewa maso Gabas ya koro jama'a da yawa daga Borno da Yobe da Adamawa. Gine-gine suka tsallake iyaka suka bi hanyar Bauchi, gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje. Haka Tumfure ta haɗe da birni. Amma iyakar ƙaramar hukuma ba ta bin bulo da siminti. Sunayen ƙananan hukumomi suna rubuce a cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, kuma taɓa iyakarsu sai da doka. Ko filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti, a ƙasar Akko yake.

Wannan ba maganar tarihi kaɗai ba ce. Akko da Yamaltu/Deba su ne mazaɓar sanatan Gombe ta Tsakiya, ita kuwa ƙaramar hukumar Gombe tana Gombe ta Arewa. A Majalisar Wakilai, Akko tana da kujerarta ita kaɗai, Gombe kuwa tana haɗe da Kwami da Funakaye. Wanda ya yi rajistar zaɓe a cikin gari kafin ya gina gida a Tumfure, kuma bai sauya rumfarsa ba, yana zaɓen kansila da shugaban ƙaramar hukuma da sanatan da ba su da alhakin unguwar da yake kwana. Ranar da kwalbati ya karye ko famfo ya ƙafe, wanda ya zaɓa zai ce ba yankinsa ba ne, wanda yankinsa ne kuma ya san bai ci ƙuri'arsa ba. Kowa ya duba katin zaɓensa, akwai lambobi kashi huɗu a jiki: na jiha, na ƙaramar hukuma, na gunduma, da na rumfa. Lambar Jihar Gombe 15 ce. Hukumar zaɓe ta yi haka ne saboda ta san suna kaɗai ba ya raba gardama.

Haka abin yake a takardar cinikin fili. Takardar da aka rubuta "fili a Sabon Gari" ko "gona a Nasarawo" kawai, ba dagaci, ba hakimi, ba ƙaramar hukuma, ba sunayen maƙwabta na kusurwa huɗu, ƙofar rigima ce da aka bar wa magada. Yau masu shaida suna raye, kowa ya san wurin da ake nufi. Bayan shekara 30, takardar ce kaɗai za ta yi magana a gaban alƙali. Haka takardar haihuwa da ta shaidar asali: idan wannan ta ce Gombe, waccan ta ce Akko, yaro ne zai sha wahalar gyara ranar da ake tantance masu neman aiki ko gurbin karatu.

Akwai kuma maganar labari. Sau nawa saƙo yake yawo a WhatsApp cewa an yi tashin hankali a Tudun Wada ko gobara a Sabon Gari, hankalin iyaye ya tashi, alhali a wata jiha abin ya faru? A gari irin namu da ya tara ƙabilu da addinai, labarin da ba a faɗi cikakken wurinsa ba yana iya jawo abin da ba a so.

ABIN DA MUKE KIRA A KAI

Muna kira ga 'yan uwa mu koma ga dabarar magabata, mu riƙa ba wuri cikakken sunansa. A kowace takarda mu rubuta unguwa, da gunduma, da ƙaramar hukuma, da jiha. Mai sayen fili ya tabbatar da ƙasar wane dagaci da wane hakimi filin yake, ya sa a rubuta, sannan ya bi ta hukumar GOGIS ya yi rajista. Wanda ya tare a Tumfure ya nemi a dawo masa da rajistar zaɓensa kusa da gida idan hukumar zaɓe ta buɗe ƙofa. Kafin mu tura labari gaba, mu tambaya: wace Tudun Wada? Matambayi ba ya ɓata.

Sannan mu kula da sababbin unguwannin da ke tasowa a kewayenmu. Kowace rana ana yanka filaye ana raɗa sunaye, mafi yawa Sabuwar Unguwa, ko Sabon Fegi, ko Bayan kaza. Kafin a raɗa wa wuri sabon suna, a tambayi jauro da dattawan da suka noma wurin, domin kusan kowace gona da kwari da tudu suna da sunan da aka san su da shi. Tsohon suna ya fi bambanta wuri, kuma yana riƙe da tarihin waɗanda suka riga mu. Matasanmu masu ilimi su zauna da waɗannan dattawa, su rubuta sunayen da ma'anarsu tun suna tare da mu. Idan gari irin Gombe Abba, da ya yi kusan shekara 90 yana hedikwatar masarauta, zai wayi gari sai an yi wa yara bayanin inda yake, to sunan gonar kakan wani ba zai daɗe ba idan ba a rubuta shi ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Tumfure da ƙasar Akko da Jihar Gombe lafiya, Ya ƙara mana haɗin kai. Amin.